Wa Ya Hana Gizo Shiga Lise?



Maganar yau a kan abin da ake koya wa 'ya'yanmu ce a kolej da lise da sunan adabi, watau wasan kwaikwayo da zube da waƙa. Uba ya sayar da gero a Jiratawa ya saya wa ɗansa littattafai. Yaro ya yi shekara 7 bisa benci, ya komo ya haddace Moliyer da La Fonten da Biktor Hugo. Ka ce ya warware maka kirarin Bawa Jan Gwarzo, sai ya sunkuyar da kai. Laifinsa ne? Ko kusa. Abin da aka shuka shi ke tsira.

Mun san wanda ya yi shukar. A lakwal ta zamanin Nasara, yaron da ya kuskura ya yi Hausa sai a rataya masa sambol a wuya, wani guntun ƙashi ko katako, ya yi ta neman wanda zai miƙa wa kafin a tashi. Wanda ya kwana da shi ya sha bulala. Da haka aka koya wa ɗan talaka jin kunyar bakin uwarsa. Nasara ya sauka a 1960, amma ya bar kunyar nan cikin aji.

Masu kare wannan hali suna cewa wai Hausa ba ta da littattafai. Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Daga Maraɗi zuwa Katsina tafiyar hantsi ce. A 1933 aka yi gasar rubuta labarai a Zariya, ta haifi Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Magana Jari Ce ta biyo baya, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a 1939. Ba yabon Ingilishi muke ba, shi ma don amfanin mulkinsa ya yi. Amma littattafan suna nan. Kafin su duka, Nana Asma'u ta rubuta waƙoƙi da ajami, ta rasu a 1864, tun Faransa ba ta san hanyar Maraɗi ba.

Suna cewa kuma wasan kwaikwayo Turawa suka kawo. Ashe? Wa ya koya wa yaranmu tashe da azumi? Wa ya koya wa samarin Damagaram wasan kara, inda suke kwaikwayon masu mulki a gaban masu mulkin? Yazi Dogo da abokansa da Hausa suka sa ƙasar nan dariya, suka kuma faɗi gaskiya mai ɗaci. Ga abin takaici: Abdullahi Mamani, ɗan Sawaba, ya rubuta labarin Sarauniya Mangu wadda ta tari rundunar Faransawa a Lugu cikin 1899. Littafin ya fito a 1980 da Faransanci. Jikokin maharbanta da ba su shiga lakwal ba, ta yaya za su karanta shi?

A watan Maris na 2025 babbar dokar ƙasa ta ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Madalla. Amma doka a takarda ba ta riƙe alli. Mu da ke tsaye gaban allo ga abin da muke nema.

Waƙa a rera ta. Yaro ya ji karinta da kunnensa, ya gane amsa-amo, ya bambanta ƙwar biyu da ƙwar biyar, sannan a zo ga ma'ana. A kawo makaɗin fada daga Tsibiri cikin aji, a ba shi kujera da ladansa kamar kowane malami.

Wasa a taka shi a fili. Wasan da aka karanta a zaune mushe ne.

Zube a karanta, a yi gardama. A tambayi yaro: me Shaihu Umar ya nuna game da bauta? Gizo wayo gare shi ko zalunci? In ya iya auna Gizo, auna dilan La Fonten ba zai gagare shi ba. Ba mu ce a kori Moliyer ba. Baƙo ne, a yi masa shimfiɗa, amma mai gida ke zama a zaure. 'Yan'uwanmu Zabarmawa da Fulani da Buzaye da Barebari su ma a buɗe wa nasu ƙofa, haƙƙi ɗaya ne.

Sai babbar magana: a sa adabin nan cikin jarrabawar bak, da maki mai nauyi. Abin da ba a jarraba shi, yaro ba ya kula shi.

Aikin rassa kuwa ga shi. Kowane reshe ya sayi littafi ɗaya na Hausa, a riƙa karanta shi da dare bayan cin kasuwa. A nemi mai rubutu ya zauna da tsofaffi ya rubuta tatsuniya da kirari kafin ƙasa ta rufe su. Ranar taron iyayen yara a tashi a tambayi darakta: yaushe Gizo zai shiga lise?

Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. A karanta wannan takarda ga waɗanda ba su iya boko ba, a miƙa ta gaba.

Haza wasalam.