GARIN NEMAN GIRA: ƘURAJEN FUSKA DA MAN KWANA UKU

Ya ku 'yan uwana mata, matan aure da 'yan mata, na Wagini da Batsari da Runka da Safana da duk inda wannan ɗan littafi ya faɗa hannu. Yau faɗa na zo yi, amma ba da ku ba. Da wani ɗan abu zan yi shi wanda bai fi tsawon yatsa ba, yana nan ɓoye a ƙasan akwati ko cikin kwallar kayan kwalliya a ɗakuna da yawa. Man tub nake nufi, wanda ake miƙo maku a kemis ko a kasuwa a ce "shafa kwana uku ki ga aiki da cikawa." To ku ji da kyau: wannan mai ba maganin ƙurajen fuska ba ne. Shi ne ma yake shuka su, ya ba su ruwa, sannan ya sa ki koma ki sake sayen shi da kuɗinki.

ƘURAJE BA ABIN KUNYA BA NE

Mu fara daga tushe. Da yarinya ta fara ƙuraje sai a ce na balaga ne, da ta yi aure za su tafi. To ga ta nan ta yi auren, ta haifi uku, shekarunta talatin, ƙurajen na nan a haɓa da muƙamuƙi. Daga nan sai kowa ya zama likita. Wannan ta ce ƙazanta ce, waccan ta ce cin gyaɗa ne, uwar miji ta ce basir ne ya fito ta fuska, ƙawa kuma ta ja ta gefe ta ce, "Ke dai ki bincika, wanga ba banza ba, hannun kishiya ne." Haba jama'a! Gidaje nawa aka ɓata zaman lafiyarsu kan abin da yake ciwon fata ne kawai?

Ga yadda abin yake. Fatar fuska cike take da 'yan ƙananan ƙofofi da gashi ke fitowa ta cikinsu, kuma ƙarƙashin kowace ƙofa akwai wata 'yar jaka mai fitar da maiƙo. Idan maiƙon ya yi yawa ya haɗu da matacciyar fata sai ƙofar ta toshe, ƙwayoyin cuta da dama can suna zaune a wurin su samu abinci su hayayyafa, wurin ya kumbura ya yi ɗiwa. Abin da ke umartar jakar nan ta ƙara maiƙo kuwa sinadaran jiki ne da ke hawa da sauka a jinin mace. Shi ya sa za ki ga sun fi taso maki ana saura 'yan kwanaki ki ga al'ada, ko kina da juna biyu, ko bayan kin fara allurar tazarar haihuwa ko ashanar hannu, wadda takan yi wa wasu mata haka. Akwai gado a ciki. Akwai man kitso mai nauyi da ke gangarowa goshi, da basilin da ake laftawa lokacin hunturu, da hodar da ake kwana da ita, da gumin bazara ƙarƙashin niƙabi. Ina sammu a nan? Ina ƙazanta? Mace mai wanka sau uku a rana ma tana yin su.

ABIN DA KE CIKIN TUB

Ɗauko kwalin, 'yar uwa, in ba ki karanta boko ki ba ɗiyarki ko ƙanenki ya duba maki ƙananan rubutun nan. In kin ga an rubuta Clobetasol ko Betamethasone, to sinadarin da likitoci ke kira sitiroyid ne, kuma mai ƙarfin gaske. Clobetasol ne a cikin Dermovate da Tempovate da Skineal, Betamethasone ne a cikin Betnovate da Funbact-A. Magunguna ne na gaskiya, an yi su don wasu cututtukan fata masu ƙaiƙayi da kumburi, a shafa su na ɗan lokaci bisa umarnin likita. Babu ɗaya daga cikinsu da aka yi don ƙurajen fuska, balle a zuba shi cikin man shafawa ana bin jiki da shi safe da yamma.

Tarkon kuwa ga shi. Aikin sitiroyid kwantar da kumburi, don haka kwana uku na farko ƙurajen za su lafa, fuska ta yi sumul har ta ɗan yi haske, ƙawaye su fara tambaya, "Ke mi kike shafawa?" Amma ƙofofin nan suna nan a toshe, kuma man ya karya garkuwar fatar. Bayan 'yan makonni sai wasu sababbin ƙuraje su feso, ƙanana masu kama ɗaya kamar an watsa gero, a kumatu da goshi har ƙirji da baya. Ki daina shafawa, fuska ta yi ja ta ɗau zafi kamar an zuba barkono. Ki koma, ta lafa. Shi ke nan kin zama baiwar tub.

In an daɗe ana yi, fata takan yi siriri har jijiyoyi su bayyana, nankarwa ta tsattsage hannuwa da cinyoyi, makero da ƙyasfi su samu wurin zama, gashi ya fito a fuska, rauni ya ƙi warkewa da wuri. Ki tuna ke mai haihuwa ce, wata rana ana iya yi maki aiki, kuma fatar da ta zama kamar takarda ba ta riƙe ɗinki da kyau. In kuwa ana shafa shi a jiki duka shekara da shekaru, yakan ratsa ya shiga jini ya jawo hawan jini da ciwon suga.

Yana da 'yan uwa guda biyu. Na farko a kwali ana rubuta shi Hydroquinone, yana hana fata yin launinta, amma in an daɗe sai ya juya ya bar wani baƙi-baƙi mai shuɗi a ƙasusuwan kumatu wanda da wuya ya goge har abada. Na biyu zaiba, wadda ake rubutawa Mercury, ana samun ta a wasu sabulai da mayukan ƙara haske, tana lalata ƙoda, tana kuma isa ga jaririn da ke ciki da wanda ke shan nono.

Kada ki ce ni kaɗai ke wannan ihu. Tun 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da bayani cewa kashi 77 cikin ɗari na matan Najeriya an ruwaito suna amfani da kayan ƙara hasken fata. Ƙasar Kwaddibuwa ta haramta irin waɗannan mayuka a 2015. A watan Fabrairu na 2023 kuwa, a birnin Kano, shugabar hukumar NAFDAC, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa baki ɗaya. Da yawa daga cikin matan nan ba fari suka fita nema ba. Ƙurji ɗaya da tabo ɗaya ne suka kai su ga tub ɗin farko.

SU WA KE DA LAIFI?

Na farko kai Malam mai kemis. Mun san amfaninka, musamman a shekarun da 'yan bindigar dajin Rugu suka matsa wa ƙasar Batsari da Safana, lokacin da fita zuwa asibiti ta zama sai an yi shahada, kai ne likitan gari. To amanar ta ƙara nauyi ke nan. Mace ta nuna maka fuskarta cikin kunya, ka miƙa mata abin da ka san zai sa ta dawo duk wata. Wannan ciniki ne ko cin amana?

Ta biyu ke Hajiya mai haɗi, da ke mai gyaran amarya. Kin matse tub uku cikin roba, kin ƙara wani ruwa da ke kanki ba ki san sunan shi ba, kin zuba turare, kin sa masa suna mai daɗi kina tallar shi a gidan biki da cikin waya kina cewa "na gargajiya ne zalla." Roba babu suna, babu lamba, babu ranar lalacewa. Amarya ta yi sati biyu tana ƙyalli, wata uku bayan biki fuska ta dame. Ki ji tsoron Allah.

Na uku ku maza, masu cewa "ni dai fara ko mayya ce." Kai ne ka kalli matarka ka ce fuskarta kamar bayan kada, kai ne kuma za ka fara ƙyamar ta ranar da kumatu suka ƙone, gaɓoɓin yatsu suka yi baƙi, fuska fara ƙafa baƙa. Kuɗin da za ka ba ta na tub, ka kai ta asibiti da shi.

Na san abin da wata za ta ce: "Ai wance ta shekara tana shafawa ba abin da ya same ta." Ki jira, shekara ba ta ƙare ba, kuma ba ki gan ta da asuba kafin ta shafa hoda ba. Wata ta ce, "Ni tabon kawai nake so ya tafi." Gaskiya ne mu baƙaƙen fata tabo ya fi ƙurjin daɗewa, yakan ɗauki watanni. Amma kowane sabon ƙurji sabon tabo ne, don haka mai son rabuwa da tabo ƙurajen za ta fara tsayarwa. Wata kuma ta ce maganin gaskiya tsada. Ki lissafa tub nawa kika saya bara, sannan ki zo mu yi maganar tsada.

TO MI ZA A YI?

Ki wanke fuska sau biyu a rana da sabulu marar zafi da tafin hannunki. Ban da soso, ban da dirza, domin ƙurji ba dauɗa ba ne da za a kankare. Ban da lemun tsami da makilin da kanwa da toka, ƙona fata suke su bar tabo. Ki cire hannunki daga matsa, wadda ita ce uwar tabo da rami. Man kitso ya tsaya a kai, hoda kada ta kwana, kallabi da niƙabi da rigar matashi a riƙa wanke su. In za ki gona ko ɗibar ruwa ki rufa fuska daga rana, don rana ke ƙara wa tabo baƙi. Ki rage lemun kwalba da kayan zaƙi, akwai alamar suna ƙara wa wasu.

Magungunan da aka tabbatar suna aiki kuwa ga sunayensu yadda za ki gan su a kwali. Benzoyl peroxide, mai ƙarfin kashi 2.5 ko 5, yana kashe ƙwayoyin cutar. Ki fara da kaɗan, kuma ki kula yana cinye launin tufafi. Adapalene mai ƙarfin 0.1 yana buɗe ƙofofin da suka toshe. Da dare ake shafa shi, kamar ƙwayar wake ɗaya ga fuska duka, a fara da tsallake kwana, kuma mai ciki ko mai neman ciki ba ta taɓa shi. Azelaic acid yana maganin ƙuraje yana kuma rage tabo, likitoci kan ba masu juna biyu shi. Dukkansu sukan sa fata ta ɗan bushe da farko, sai a bi da man shafawa marar nauyi.

Amma fa ki riƙe wannan: babu ɗayansu da ke aiki a kwana uku. Sai an yi sati 6 zuwa 8 kafin a fara ganin canji, cikakken aiki sai wajen wata 3. A nan ne tub yake cin galaba a kanmu, shi yana alkawarin jibi, gaskiya tana cewa sai bayan girbi. Sauri kuwa shi ya haifi nawa.

In ƙurajen manya ne masu zurfi da zafi, ko suna barin rami, ko kuma suna tare da rikicewar al'ada da gashi a haɓa da wahalar samun ciki, wannan ya wuce kemis. Ki je Babban Asibitin Batsari, in ya fi ƙarfinsu su tura ki Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko na Malam Aminu Kano inda ake da likitocin fata. Akwai ƙwayoyin sha kamar Doxycycline da likita kan bayar na 'yan watanni, ba a ba mai ciki. Akwai kuma Isotretinoin, mai ƙarfi ƙwarai, wanda ke nakasa ɗan tayi mummunar nakasa. Duk wanda ya miƙo maki shi ba tare da likita ba, ba masoyinki ba ne.

Ke kuma da kika riga kika daɗe kan tub, kada ki yanke ƙauna, kada kuma kunya ta hana ki magana. Ki ɗauki tub ɗin ko robar haɗin ki nuna wa ma'aikacin lafiya, ki faɗi gaskiyar watannin da kika yi. Wadda ta daɗe tana shafawa a jiki duka ba a so ta yanke rana ɗaya, a hankali ake janye ta. Fuska za ta yi bore na makonni, launinki na asali zai dawo, masu surutu za su yi. Ki daure, wannan duhun da kike gani lafiya ce ke dawowa. Kuma don girman Allah kada a shafa wa jarirai waɗannan mayuka, ko a zuba masu cikin man kaɗanya wai don ƙurajen zafi ko su yi haske, fatarsu ta fi tamu saurin tsotsewa.

Iyaye mata, ranar da ɗiyarki ta tsaya gaban madubi tana hawaye kan ƙurji, abin da ya fito bakinki shi zai kai ta asibiti ko ya kai ta wurin mai haɗi. Ki ce mata ciwo ne kamar kowane ciwo, yana da magani, maganin kuma yana son haƙuri. Ƙurji baƙo ne, komai daɗewa zai tafi, amma fatar da aka ƙona da ita za a zauna. Kada garin neman gira mu rasa ido.

Allah Ya ba mu lafiya da wadatar zuci, Ya sa kunne ya ji jiki ya tsira. Amin.