Mu bar yara su shafa launi

A kowane watan Oktoba yaranmu suna komawa lakwal. Ƙananan da ke shiga aji na farko, wanda ake kira CI, sukan dawo gida da allo ko kaye cike da zane: sanduna, da'irori, hoton ƙwarya ko na akuya da aka ce su cika shi da launi. Wasu iyaye sukan ɓata rai. Sukan ce: mun kai yaro ya koyi karatu, ga shi malam ya sa shi wasa. Mu kuwa muna ganin malam yana da gaskiya.

Duk wanda ya zauna a cibiyar karatun manya ya san wahalar riƙe alli a kwanakin farko. Manomin da ke wuni da hauya a hannu, sai ka ga gumi ya karyo masa wajen rubuta baƙi guda. Ba ƙarfi ya rasa ba. Noma aikin kafaɗa da damtse ne. Rubutu aikin yatsu uku ne: babban yatsa, manuni da na tsakiya. Ku dubi k da ƙ. Ɗan lanƙwasa kaɗai ya raba su, amma shi ne ya raba "kafa" da "ƙafa". Hannun da bai saba da ƙaramin motsi ba, ba ya iya fitar da wannan lanƙwasa.

To, in babba ya sha wuya, ina ga yaro? A wuyan hannun mutum akwai ƙananan ƙasusuwa 8. Ranar haihuwa dukansu guringuntsi ne. Suna yin ƙwari ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshe sai wajen shekara 10 yake fara zama ƙashi. Yaro yana fara sarrafa kafaɗarsa, yatsu su ne ƙarshe. Shi ya sa ɗan shekara 2 yake damƙe alli da dukan tafinsa. Galibi yaro yakan iya kwaikwayon da'ira wajen shekara 3, layi biyu da suka gitta juna wajen shekara 4, zane mai kusurwa uku wajen shekara 5 ko 6. Wanda bai iya kusurwa uku ba, ta yaya zai rubuta A? Bulala ba ta gaggauta girman hannu. Sai dai ta sa yaro ya tsani lakwal, wata rana ya daina zuwa.

Yaron da ke cika hoto da launi yana koyon tsayawa a bakin layi. Ido ya ga iyaka, hannu ya tsaya. Wannan shi ne babban darasin, domin kowane baƙi yana da inda ya fara da inda ya ƙare. Yana kuma koyon danna fensir daidai: in ya matsa, baki ya karye, in ya sassauta, launi bai fito ba. Ƙera shanun laka, haɗa motar kara da tsince wake duk suna taimaka wa yatsu, kada a hana. Shafa gilashin waya da yatsa guda kuwa ba ya koya wa hannu riƙon alƙalami.

Za a ce fensir mai launi kuɗi ne, ga hatsi da tsada. Gaskiya ne. Amma launi ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Masu zanen bangon gidajen Birnin Damagaram da masu saƙar tabarmin Madawa sun san shi tun kaka da kakanni. Gawayi yana ba da baƙi. Ruwan soɓorodo yana ba da ja, kurkum rawaya, ɗanyen ganyen zogale da aka daka kore. Ga jar ƙasa, ga farar ƙasa. In an zuba ɗan ƙaro, kamar yadda ake yi wa tawada, launin ya fi kama takarda. Kwalin sukari ko na sabulu ya isa. Babba ya zana hoto mai girma da gawayi, a daddaka bakin tsinke ya yi laushi, yaro ya tsoma ya shafa. In alli ne, a ba shi guntu. Guntu ya fi dogo, domin tilas da yatsu uku ake riƙe shi. Minti 10 ko 15 a rana ya wadatar. In ya yi wa akuya kore, a ƙyale shi: hannu muke gyarawa, ba akuya ba.

Sai dai a yi hattara. Baƙin garin da ke cikin tsohon batir guba ne. Fentin gini da na mota su ma ba na yara ba ne, wasu suna ɗauke da dalma, wadda ke lalata ƙwaƙwalwar yaro. Ƙaramin yaro kuwa komai baki yake kaiwa. A wanke masa hannu da sabulu kafin ya ci abinci.

Wajen shafa launi ne iyaye za su gane hannun da ɗansu ya fi so. Kusan mutum 1 cikin 10 bahago ne, haka aka haife shi. Koya masa cin abinci da gaisuwa da hannun dama, wannan ladabi ne na gida. Amma rubutu, a bar masa hagunsa. Ranar da za a kai shi CI, uba ko uwa su faɗa wa malam, domin a zaunar da shi a gefen hagu na tebur, inda gwiwar hannunsa ba za ta riƙa karo da ta abokin zamansa ba.