Nassi Kaɗai, Ko Da Malami?

A 1905 Likita Miller na Mishan C.M.S. ya zauna cikin birnin Zariya, aikinsa kuwa ya kai ga fitowar Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Tun zamanin Luther 'yan Furotesta suka tsaya kan cewa nassi kaɗai ya isa hujja. Katolika suka ce sai an haɗa da gadon magabata da hukuncin Ikilisiya, wadda ta tabbatar musu littattafai 73 a 1546, alhali na Furotesta 66 ne. Amma fa mai fassara shi ke zaɓen kalma, zaɓen nan kuwa hukunci ne. Ashe ko mai riƙe da nassi kaɗai, in Bahaushe ne, ta bakin malami yake jin sa.