Kasuwar Tasawa da Idon Baƙo

Wani kawuna ɗan kasuwa, wanda ya fara fatauci da tabarmin kaba daga Mayahi zuwa Kano kafin Allah ya buɗa masa, ya dawo daga sarin kaya a birnin Guwanzu na ƙasar Sin, ya kuma biya ta Bankok, babban birnin Tailan. Da muka je yi masa barka da sauka, sai ya miƙo mini wayarsa in kalli hotuna. Na zaci dogayen benaye zan gani da gadojin sama. Akwai su, amma ba su fi a ƙirga ba. Mafi yawan abin da ya ɗauko hotunan kasuwar dare ne: wata mata tana suya a bakin titi, wani mutum yana juya nama a kan gawayi, jama'a sun yi layi kowa da takardar kuɗi a hannu. Na ce, "Kawu, ai wannan tsire ne." Ya yi dariya ya ce, "Tsire ne, ɗana, sai dai su sun san darajar nasu."

Wannan magana ita ta sa na ɗauki alƙalami. Ra'ayina shi ne, abin da manyan biranen Asiya ke jan baƙi da shi muna da irinsa a Tasawa da Mayahi, wato kasuwa mai rai da abincin da talaka ke dafawa a bakin hanya. Abin da muka rasa shi ne idon da zai dube su a matsayin dukiya, da hukumar da za ta yi musu hidima maimakon ta ɗauke su a matsayin ƙazantar da ake kawarwa idan manyan baƙi za su zo.

Bari mu fara duba yadda waɗancan birane suka yi. A Bankok akwai kasuwar Chatuchak, wadda ke ci a ƙarshen mako, mai rumfuna fiye da 15,000. Tufafi ne a cikinta da tukwane da tsirrai da kayan saƙa, irin abubuwan da ba su fi ƙarfin kowace babbar kasuwa ba, amma duk baƙon da ya sauka a birnin sai an ce masa kada ya tafi bai leƙa ta ba. A unguwar Yaowarat, da zarar rana ta faɗi titi ya zama wurin cin abinci. A ƙarshen shekarar 2017, kundin Michelin, wanda aka sani da karrama manyan gidajen abinci na Turai, ya ba wata tsohuwa da ake kira Jay Fai tauraro, alhali a kan gawayi take girki a ƙaramin shagonta. A cikin wannan shekara dai hukumomin birnin suka ba da sanarwar share masu abinci daga gefen tituna, aka yi musu caa daga ciki da wajen ƙasar, har suka fito suna bayanin cewa fitattun unguwannin abinci za su ci gaba, tsari kawai za a shigar.

Darasin Singafo ya fi wannan kusa da buƙatarmu. A shekarun 1960 masu abincin titi sun cika birnin, babu ruwa mai tsabta, babu magudana, cututtukan ciki suna yawo. Gwamnati ta yi musu rajista, sannan daga 1971 zuwa 1986 ta gina musu cibiyoyi masu rufi da famfo da wurin zubar da shara, ta ba kowa rumfa a kan haya mai sauƙi. Yau cibiyoyin sun haura ɗari, attajiri da lebura suna cin abinci a tebur guda, kuma a watan Disamba na 2020 hukumar UNESCO ta sanya wannan al'ada cikin jerin gadon al'adun duniya. Mai sayar da shinkafa da kaza bai sauya sana'a ba. Ruwa aka ba shi da inuwa da mutunci.

To, mu dawo gida. Cikin waɗanda suka bayyana wa Turai kasuwar Tasawa akwai matafiyi, Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim. Ya sauka a Tasawa ta wancan zamani a watan Janairu na 1851, a kan hanyarsa daga Azbin zuwa Katsina da Kano. Abin da ya ja hankalinsa har ya rubuta shi ne walwalar mutanen garin, da yalwar abincin da ake sayarwa a kasuwa, da ƙoren da aka cika da soyayyar fara, da yadda ake zama a ƙidaya wuri ɗaya bayan ɗaya idan an yi babban ciniki. Shekara fiye da 170 ke nan, kuma har gobe ana soya fara a Tasawa, ana barbaɗa mata yaji. Baƙo ya taso daga wata duniya ya ga abin rubutawa a cikin ƙoryarmu, mu kuwa jikokin masu ƙoryar muna jin kunyar a gan mu muna saye.

Kowa ya san Tasawa tana kan babbar hanya ta ɗaya, kusan tsakiyar tafiya tsakanin Maraɗi da Damagaram, kuma da wuya mota ta wuce fasinja bai leƙo ya sayi kilishi ba. Sana'ar kilishi ilimi ce mai zaman kanta: yadda ake feɗe tsoka ta yi siriri kamar takarda, a shanya a kan gadon kara, a tsoma cikin laɓu na tunkuza da kayan yaji, a sake shanyawa, sannan a nuna wa wuta. Ƙungiyar OAPI mai kula da haƙƙin mallakar fasaha a ƙasashenmu ta yi wa kilishin Nijar rajista a matsayin kayan da sunansa ke ɗaure da ƙasarsa, kamar yadda ta yi wa albasar Galmi. Ga kuma aya, wadda jihar Maraɗi ta yi fice wajen nomanta, ana yin dakuwa da kunu da ita. A birnin Balensiya na ƙasar Sifen, da wannan ayar ake yin abin shan da suke alfahari da shi, wanda baƙi ke nema da suna. A Mayahi kuwa, Gulbin Kaba ya ba mutane goruba da ganyen kaba, mata da maza suna saƙa tabarmi da faifai da igiya. Fatar jar akuyar Maraɗi ta daɗe da yin suna a kasuwannin duniya. Idan aka haɗa da fura da nono, da masa da tsala da ƙosai, da dambu da ɗanwake da kwaɗon zogale da cuku, babu abin da kasuwar daren Bankok za ta nuna mana sai tsari da fitila.

Wuraren gani ma ba mu rasa ba. A Maijirgi, cikin gundumar Tasawa, akwai kaburburan Voulet da Chanoine, hafsoshin Faransa biyu da suka ratso ƙasar Hausa da wuta da takobi a 1899, suka gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu, suka yi ɓarna a Birnin Ƙonni, sannan sojojinsu suka harbe su a watan Yuli na wannan shekara, bayan an kashe Kanar Klobb a Ɗankori. Nan ne ɗaya daga cikin mafi munin babin mulkin mallaka ya ƙare. Ɗalibai nawa ne a cikinmu suka taɓa sauka a mota suka tsaya a wurin? Yawancinmu a littafin Faransanci muka karanta labarin, alhali dattawan yankin suna riƙe da nasu bayanin a baki.

Na san abin da za a ce, kuma masu faɗa suna da hujja. Za a ce wane baƙo ne zai zo, ga rashin tsaro a kudu maso yammacin jihar, ga Turawan da ke zuwa Agadas sun ɗauke ƙafa shekaru da dama. Amsata ita ce, mun yi kuskure tun farko da muka ɗauka mai yawon buɗe ido dole Bature ne mai jakar goyo. Baƙonmu na farko shi ne fasinjan da ke tafiya daga Yamai zuwa Damagaram, da ɗan Katsina ko Daura da ya zo sayen dabbobi, da ma'aikacin da aka turo aiki, da ɗalibin da ya zo hutu gidan abokinsa. Gasar kokowa ta ƙasa, wadda ake yi tun 1975 ana zagayawa da ita jiha-jiha, ta isa shaida cewa ƴan Nijar suna tafiya domin kallo, suna kashe kuɗi a kan abinci da tsaraba. An kuma aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi a 2021. Ranar da ya fara aiki, miliyoyin mutanen da muke yare ɗaya da su za su matso kusa da mu. Masu sana'a sun ɗanɗana raɗaɗin rashin waɗannan baƙi lokacin da aka rufe iyaka a 2019, da kuma bayan juyin mulkin 2023.

Za a kuma ce abincin titi ba shi da tsabta. Wannan gaskiya ce mai ɗaci, domin jihar Maraɗi ta sha fama da annobar amai da gudawa a 2018 da 2021, kuma duk wanda ya ga ƙuda a kan nama ko ruwa guda da ake wanke kwanoni hamsin da shi ya san akwai gyara. Sai dai tambayar ita ce, laifin wa? Mai ƙosai tana biyan kuɗin tikiti kowace ranar kasuwa. Me aka yi mata da shi? Idan babu famfo a kusa, babu makewayi, babu wurin zubar da shara, ba a yi adalci ba a ce ita ce ƙazama. An yi rusau a Yamai a shekarun da suka gabaci taron Tarayyar Afirka na 2019, aka kwashe rumfuna daga bakin tituna, kuma mutanen da aka kora ba su daina neman abinci ba, lungu kawai suka koma inda ido ba ya kaiwa. Kora tana ɓoye matsala, famfo kuwa yana magance ta.

Hujja ta uku ita ce ta fi damuna, wato talla. Kaso mai yawa na abincin da muke yabo ƴan mata ƙanana ne ke ɗauke da shi a ka, a lokacin da ya kamata suna aji, suna bin motoci a tasha da duk haɗarin da ke ciki. Ba zan yi kiran a ƙawata wannan a nuna wa baƙi ba. Amma ina ganin tsayayyen wuri mai rumfa, inda babbar mace za ta zauna da kanta ko ta wakilta babba, mai saye ya san inda zai same ta, shi ne zai rage buƙatar aika yarinya yawo. Wanda aka san mazauninsa ba ya buƙatar bin mai saye a guje.

Abin da nake nema ba shi da tsada. Hukumomin gari a Tasawa da Mayahi su ware fili a kusa da tasha, su sa rufi da famfo da fitilu masu aiki da hasken rana, su yi wa masu sana'a rajista tare da Sarkin Fawa da shugabannin kasuwa, waɗanda dama su suka san kowa. Ma'aikatan lafiya su riƙa zagayawa domin koyarwa kafin tara. Masu saƙar kaba su sami rumfarsu a gefen masu kilishi, domin wanda ya tsaya cin abinci shi ne ke sayen tsaraba. A kafa allo a Maijirgi mai bayanin abin da ya faru a 1899, da harshen mutanen da abin ya faru a kansu.

Nan ne mu ɗaliban harshe muke da rawar takawa. Kalmar suya ta bar gida ta shiga Ingilishin Nijeriya da ma'anar tsire, har ƙamus na Oxford ya karɓe ta. Kilishi ya zama kilichi a bakin Faransanci, cuku ya zama tchoukou, Tasawa kanta ta zama Tessaoua a kan allunan hanya. Tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar bisa doka, amma ɗan littafin da zai gaya wa baƙo abin da zai ci da abin da zai saya a garuruwanmu, da sunayensu na ainihi da yadda ake yin su, aiki ne da ke jiran mai yi. Kalmomin mahauta da na masu saƙa da kiran ƴan kasuwa suna nan a bakin tsofaffi, kuma tsofaffin suna tafiya. Ina roƙon malamanmu su amince wa ɗalibi ya yi kundinsa a kan rumfar mai kilishi, su ɗauke shi da nauyin da suke ba kowane bincike.

Kawuna ya kashe kuɗin jirgi ya je ya ɗauko hoton tsiren wasu. A hutun da ya wuce na ja shi muka tsaya a tashar Tasawa da magariba, hayaƙin gashi yana tashi, masu shayi suna jera kofuna, wata dattijuwa tana kwashe masa daga tanda. Ya daɗe yana kallo, sannan ya zaro wayarsa ya ɗauki hoto. Dattijuwar ta ɗago ta ce, "Alhaji, in hoto za ka ɗauka, ka ɗauki wurin da muke ɗebo ruwa, ka kai wa masu gari su gani."