Tsautsayi Ko Sakaci? Magana Kan Sansanonin Horo a Daji

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, akwai wata kalma da ta zama bargon rufa asirin masu sakaci a ƙasar nan, ita ce tsautsayi. Mota ta kife saboda tayarta ta suɗe, a ce tsautsayi. Yaro ya faɗa rijiyar da ba a rufe ba, a ce tsautsayi. To, yanzu kalmar ta bi mu har sansanonin da ake kai matasa daji don koyon juriya da dabarun tsira da rai, kuma ni dai na gaji da jin ta.

A hutun da ya wuce na halarci wani irin wannan sansani da wata ƙungiya ta shirya wa ɗalibai. Cikin watan Afrilu ne, lokacin da ko ƙadangare ke neman inuwa. Ran nan aka tashe mu tattakin juriya da hantsi, kowa da gorar ruwa guda, babu mota a biye da mu, babu ma'aikacin jinya, ba a kuma tambayi kowa ko yana da wani ciwo ba. Da rana ta take, sai wani abokinmu ya fara tangaɗi yana sambatu. Mai horarwa ya daka masa tsawa, ya ce raki ne, namiji ba ya haka. Ba a yi nisa ba ya yanke jiki ya faɗi. Mu muka cicciɓe shi zuwa gindin wata tsamiya, muka juye masa ɗan ruwan da ya rage mana, wani mai babur da Allah ya jefo ya kai shi asibiti. Ya rayu. Da dare shugaban sansanin ya tara mu ya ce mu gode wa Allah, tsautsayi ne. Mun gode wa Allah ƙwarai, amma ina tsautsayi a nan? Wa ya zaɓi lokacin tafiyar? Wa ya ƙayyade ruwan?

Kada a yi mini gurguwar fahimta, ba na ƙin wannan horo. Asalinsa mai kyau ne. A 1941 Kurt Hahn da Lawrence Holt suka buɗe makarantar Outward Bound a Aberdovey ta yankin Wales, don matasan ma'aikatan jiragen ruwa su koyi yadda za su tsira in masifa ta auka musu a teku. A kan wannan tsari Alec Dickson ya kafa cibiyar Man O' War Bay a gaɓar tekun Kamaru a 1951, wadda daga baya ta dawo Nijeriya, har ta haifi makarantar hawan dutse ta duwatsun Shere kusa da Jos. Tun kuwa da aka kafa shirin yi wa ƙasa hidima a 1973, kusan duk wanda ya gama jami'a sai ya ɗanɗana hawan igiya da tsallake katanga a zaman sansani. Manufar tun farko ita ce a ceci rai. Sansanin da ya jefa ran ɗalibi cikin halaka da sunan horo ya ci amanar wannan manufa.

Masu kare ganganci za su ce ai wuya ita ce makarantar, kuma wanda bai sha wuya ba ba ya zama jarumi. Na yarda. Amma wahala daban, haɗari daban. Kwanan ƙasa, cin garin kwaki, tashin asuba cikin sanyi, ɗaukar kaya a hau dutse, duk wahala ce mai gina mutum. Tsohuwar igiyar da ba wanda ya duba, da tsallake rafin da ba a san zurfinsa ba, da tattaki cikin garjin rana ba ruwa, waɗannan ba sa koya wa kowa komai sai makoki. Gwanin mai horarwa shi ne wanda zai sa gabanka ya faɗi a kan igiya alhali ya riga ya ɗaura maka wata ta biyu wadda za ta riƙe ka in ka suɓuce.

Abin takaicin shi ne haɗurran nan sanannu ne, maganinsu ma sananne ne. In zafin jikin mutum ya haura digiri 40 ya fara ruɗewa, zafin rana ya buge shi ke nan, kuma abin yi shi ne a sanyaya jikinsa da ruwa nan take a garzaya da shi asibiti. Wanda gumi ko gudawa ya ƙarar da ruwan jikinsa, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin cokalin gishiri cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta na iya ceton sa. Kububuwa, wadda ba a banza ake mata kirari da gobe-da-nisa ba, dafinta na hana jini daskarewa. Tsaga wurin saran, ko tsotsa, ko ɗaure ƙafa tamau, ƙara ɓarna ne kawai, maganin yana asibiti, kamar wanda ke Kaltungo a Jihar Gombe. Rafi kuwa yakan cika cikin ƙiftawar ido saboda ruwan da aka yi can sama, ko da ɗigo bai sauka inda kake ba. A watan Agustan 2018 masu yi wa ƙasa hidima tara suka nutse a kogin Mayo Selbe na yankin Gashaka a Jihar Taraba, sa'ad da ruwa ya taso musu ba zato suna yawon shaƙatawa. Duk wanda zai kai 'ya'yan mutane bakin ruwa da damina, wajibi ne wannan labari ya hana shi barci.

Mu dubi yadda wasu suka yi da irin wannan rashi. A watan Maris na 1993 ɗaliban sakandare huɗu suka mutu a Lyme Bay ta kudancin Ingila, bayan wata cibiyar horo ta fitar da su teku cikin ƙananan kwalekwale tare da masu koyarwa marasa ƙwarewa, kuma aka yi jinkirin sanar da masu ceto. Ashe tun kafin nan wasu tsofaffin ma'aikatan cibiyar sun rubuta wa shugabanta takardar gargaɗi. Ba wanda ya ce tsautsayi ne. Kotu ta kama kamfanin da shugabansa da laifin kisa ba da niyya ba, aka ɗaure shi, sa'an nan a 1995 majalisar Birtaniya ta yi dokar da ta wajabta wa irin waɗannan cibiyoyi samun lasisi kafin su karɓi yara. Ran ɗan Ingila ya fi namu tsada ne?

Wani zai ce ai komai ƙaddara ce. Haka ne, amma addinin da ya koya mana yarda da ƙaddara shi ne ya hore mu da ɗaure raƙumi kafin tawakkali. Wani kuma zai ce babu kuɗi. Nawa ne kuɗin jarkar ruwa? Nawa ake biya a ɗage tattaki daga tsakar rana zuwa asuba? Kuɗin da ake kashewa wajen rumfar manyan baƙi ranar rufe sansani ya isa ya sayi sababbin igiyoyi har a yi saura.

Saboda haka ina kira ga Ƙungiyar Ɗalibai da ta yanke shawara, kada sunanta ko motarta ko tutarta su ƙara zuwa wani sansani sai masu shi sun amsa waɗannan tambayoyi a rubuce. Wane ne zai horar da mu, kuma ina shaidar ƙwarewarsa? Ɗalibai nawa ne a hannun mai horarwa guda? An tantance masu sikila da asma da farfaɗiya da waɗanda ba su iya iyo ba? Yaushe aka duba igiyoyi? Ina mota, ina ma'aikacin jinya, kuma wane asibiti mafi kusa ne ke da maganin dafin maciji? Wa ke da ikon cewa a fasa in hadari ya haɗo ko rana ta yi tsanani? A kuma ba kowane ɗalibi 'yancin cewa ya gaza ba tare da an mai da shi abin dariya ba.

Ku kuma yayyenmu da kuka shiga aikin gwamnati, ta teburanku takardun izinin nan ke bi. Kafin ku sa hannu, ku tuna ƙannenku ne za su hau igiyar. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Iyayenmu sun sayar da amfanin gona sun turo mu neman ilimi, haƙƙinsu ne mu koma musu da ƙafafunmu. Allah ya sa masu kunne su ji.