Kirari ba ya nuna tamoji

Ƴan uwa ɗalibai, da haushi na zauna rubuta wannan, gara in faɗa muku tun daga farko.

Wata Asabar cikin hutun da ya wuce, mu huɗu muka taso daga Gaffati muka shigo Damagaram. Ni na ja su. An ba ni labarin wani zaure a Zongo, na wani tsoho mai fenti da ya rasu, irin masu rubuta allon shago da zanen bayan manyan motoci. Ɗansa tela ne. Shi ya share zauren ya rataye abin da uban ya bari. Ba allo a ƙofa, ba tikiti, ba mai gadi. Ka yi sallama, ya ajiye almakashi, ya lalubo mabuɗi a aljihu.

Fuskoki ne cike da bango, wasu a kan falanki, wasu a kan kwali, ɗaya ma a kan gutsuren kwanon rufi. Duk da fentin mota aka yi su. Ga ɗan ga-ruwa wanda kafaɗarsa ɗaya ta sauka saboda ɗaukar garwa. Ga mahauci mai hakiya a idon hagu. Ga wata tsohuwa mai ƙosai, haƙoranta jawur da goro, tana hararar mai zanen kamar tana cewa ya gama ta koma kan kaskonta. Bai ƙara wa kowa hasken fata ba, bai gyara wa kowa hanci ba. A ƙarƙashin kowace fuska kuma ya rubuta sunan mai ita da sana'arsa, da ajami da boko.

Ni na kasa magana. Abokan tafiyata kuwa ba su rasa ta cewa ba. Na farko ya yi dariya ya ce, “Wai wannan ne mize ɗin da ka sa muka biya kuɗin mota?” Na biyu ya ɗaga salularsa ya ce ta fi tsohon iyawa sau ɗari. Na uku ya tsaya a bakin ƙofa ya ce shi ba ya shiga, haramun ne. Telan yana ji. Ya yi shiru ya mayar da mabuɗinsa. Ranar ban ba su amsa ba don kunya ta kama ni. Yau zan ba su, kuma na san a kowace fadar shayi akwai irinsu uku.

Bari in fara ta inda na fi sani, wato harshe. Kalmar “hoto” aro ce daga Ingilishi, kuma mun ɗora mata kayan da ya fi ƙarfinta. Abin da kyamara ta ɗauka cikin ƙiftawar ido hoto ne. Abin da mutum ya kwashe sati yana yi da buroshi hoto ne. Har wanda ba ya da amfani a wurin aiki mukan ce da shi hoto ne kawai. To, in harshe ya zuba abubuwa uku a kwarya ɗaya, ba mamaki mai salula ya ɗauka shi da tsohon nan sana'arsu guda. Alhali muna da tamu kalmar tun kafin zuwan kyamara. Duk wanda ya yi shekarar farko a sashenmu ya san bambancin zane na ɗaurawa, mai gajeren wasali, da zane mai dogon wasali. Wannan na biyun shi ne abin da magini ke yi a fuskar gida, irin wanda ake zuwa kallo a Birni. Shi ne kuma abin da wanzami ke yi da aska a kumatun jariri. Ke nan mun daɗe muna zane a kan fuska, har ana karanta asalin mutum daga kuncinsa. Sai da aka zo zana ita fuskar kanta muka fara sunkuyar da kai.

Za a ce ai Bahaushe da baki yake zana mutum, muna da kirari, muna da waƙar fada. Gaskiya ne, kuma ni ɗin nan kundin da nake shirin rubutawa a kan kirari yake. Amma ku saurara da kyau. A kirari kowa giwa ne, kowa zaki ne, kowa hadari ne. Ba a taɓa jin maroƙi ya ce ubangidansa yana da giɓi, ko idonsa ɗaya ya fi ɗaya ƙanƙanta. Aikin kirari ya ɗaga mutum har ya wuce kamanninsa. Sannan wa ake yi wa? Mai sarauta da mai abin hannu. Ɗan ga-ruwa ya mutu da kafaɗarsa, ba mai buga masa kalangu.

Ko su manyan ma, me muka riƙe? Kowane ɗan lakkwal a jahar nan ya ji sunan Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884. An faɗa mana ganuwar da ya kewaye gari da ita, da igwar da aka zuba a zamaninsa. An faɗa mana Amadu Kuran Daga, da kisan Kyaftin Cazemajou a 1898, da yaƙin Tirmini a 1899. To, yau da dare in an ɗora shayi, ka tambayi ƴan fadarku: Tanimun dogo ne ko gajere? Wane irin kallo yake yi wa mutum? Za ka ji tsit. Muna da aikinsa, mun rasa fuskarsa.

Da kyamara ta shigo ƙasar nan, a hannun wa ta shigo? A hannun waɗanda suka ci mu da yaƙi. Damagaram ce hedkwatar mulkinsu kafin su mayar da ita Yamai a 1926, kuma sun ɗauki hotuna. Ku nemi katunan wasiƙa na wancan zamani ku duba abin da ake rubutawa a ƙasa. Sau da yawa sai ka ga an sa “matan Hausa” ko “ɗan kasuwa”, shi ke nan, kamar yadda ake rubuta sunan irin tsuntsu. Matar nan tana da suna, tana da uwa, wataƙila kakar wani ce a ajinmu. Wannan ne ya sa rubutun da tsohon Zongo ya yi a ƙarƙashin kowane zane ya tsaya mini a rai. Mai fentin mota ya yi abin da masu ilimin Faransa ba su ga dalilin yi ba: ya tambayi mutum sunansa.

Ba shi ne na farko ba a yankin nan namu. A Najeriya an yi Aina Onabolu, haifaffen Ijebu-Ode a 1882. A lokacinsa Turawa da yawa sun yarda cewa baƙar fata ba zai iya zana mutum yadda yake ba, sai dai sassaƙa. Shi kaɗai ya koya wa kansa, ya riƙa zana fuskokin mutanen Legas, har da wani sanannen zane na wata mata da ya yi a 1906. A 1920 ya tafi Landan karatu, ya wuce Paris, ya komo a 1922 ya dage sai an sa darasin zane a makarantu. Ya rasu a 1963. Yau in ana tarihin zanen zamani a Najeriya da sunansa ake buɗewa. Mu kuwa namu masu zanen muna kiransu in za mu buɗe shagon aski, mu taya aikinsu kamar muna tayin albasa.

Yanzu ga amsarka, mai salula. Kakata ta rasu shekara biyu da suka wuce. Na ɗauke ta hoto ya fi sau talatin. Salular ta faɗa ruwa, kati ya lalace. Abin da ya rage mana a gida shi ne hoton katin ɗan ƙasa, ɗan ƙarami, ta zare ido don tsoron walƙiyar kyamara, ko zanen kumatunta ba a gani. Wallahi kwanan baya na rufe ido ina son in tuna ta wane gefe bakinta ke karkata in za ta yi dariya, na kasa. Kai da ke da hoto dubu uku a aljihu, nawa ka wanke? Nawa ne za su kai ga jikanka? Kuma nawa ne ba ka shafe da manhajar nan mai ƙara fari da share ƙuraje ba? Mun samu kyamara mun mayar da ita maroƙi. Mai zane kuwa dole ya zauna gaban mutum awa da awanni, ya kalle shi har ya gane shi. An ce labarin zuciya a tambayi fuska. Tambaya tana son zama, ba a yin ta da latsa maɓalli.

Kai kuma da ka tsaya a bakin ƙofa, na fi girmama taka maganar, shi ya sa ba zan yi mata wasa ba. Akwai hadisai masu tsanani a kan masu yin surori, ba mai musun wannan. Ni ba malami ba ne. Amma abin da aka karantar da mu a mazhabar Malikiyya, wadda mafi yawanmu muka tashi a kanta, shi ne an bambanta tsakanin cikakkiyar sura mai jiki da inuwa, irin gunki, da zanen da ke shimfiɗe a kan takarda ko bango. Ta farko aka haramta. Na biyun an sassauta a kansa, iyakarsa karahiya. Akwai malaman da suka hana duka biyun, kuma wanda ya bi su don tsoron Allah ba ni da ta cewa. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne ma'auni biyu. Lokacin zaɓe fuskar ɗan takara na manne a bayan kabu-kabunka. Kowace Juma'a kana canja hotonka a WhatsApp. Sai da aka zo kan tsohuwa mai ƙosai taƙawa ta motsa? Ka duba zuciyarka da kyau, kada raini ne ya ari rigar addini.

Saura mai dariya. A kanka mize sai babban fili irin Gidan Tarihin Ƙasa na Yamai, wanda aka buɗe a 1959, mai ɗauke da sunan Boubou Hama. Wancan yana da nasa aikin. Amma abin da ya zama taska yau, jiya a shago yake. Seydou Keïta shagon hoto ya buɗe a Bamako a 1948, yana ɗaukar duk wanda ya shigo da kuɗinsa, ya kuma adana abin da ya ɗauka. Malick Sidibé samari da ƴan mata yake bi wurin rawa, ga shi a 2007 an ba shi babbar lambar yabo a baje kolin Venis. Da ƴan uwansu sun hura wuta da akwatunan nan don ba su yi kama da mize ba, da Mali ta yi asarar da ba ta da magani. Zauren Zongo rufin ƙasa ne. Damina biyu masu ƙarfi sun isa su gama da shi, in gara ba ta riga su ba.

Don haka ga abin da nake nema, kuma ba daga gwamnati ba, daga gare mu. Kowane ɗayanmu da zai je gida hutu, Mirya ko Gaffati ko Magarya ko Tanut, ya nemi masu fentin garinsu ya zauna da su. Ya rubuta sunansu da inda suka koyi aikin, da kalmomin da suke kiran kayansu da launukansu, don mu ƴan harshe wannan ma taska ce da ba ta shiga ƙamus ba. Wanda yake da tsoho ko tsohuwa a gida, ya rage kuɗin kiredi na wata ɗaya ya wanke hotonsu a takarda, ya rubuta suna da gari da shekara a baya. Wanda ya fi ƙarfin haka, kuma ransa ya natsu da shi, ya kai mai zane gidan ya biya shi ba tare da ciniki ba. In ƙungiyarmu ta iya haɗa kuɗin buga wannan ɗan littafi, za ta iya haɗa kuɗin leda da katako a tsare wa telan nan bangonsa kafin ruwan farko.

Na koma zauren ni kaɗai bayan sati biyu, na ba telan haƙuri. Ya ce ba komai, ya saba. Ya ce akwai wata mata da ke zuwa duk ƙaramar salla, ta tsaya gaban zanen mahaucin nan mai hakiya, ta yi masa addu'a ta tafi. Ubanta ne. Ni ba ni da inda zan je in tsaya.