Direban da Ba Ya Tuƙa Mota

Masu gyaran kwamfuta suna kiransa "direba", amma aikinsa na tafinta ne. Ƙaramar manhaja ce da ke isar da umarnin Windows ga firinta, kyamara ko na'urar ɗaukar zanen yatsa. Mazauninsa yana can cikin ƙuryar tsarin, shi ya sa idan ya yi tuntuɓe, kwamfutar ce baki ɗaya ke kifewa.

Duniya ta shaida hakan ranar 19 ga Yulin 2024, lokacin da kamfanin CrowdStrike na Amurka ya aika sabuntawa mai kuskure ga manhajar tsaronsa, wadda ke aiki a wannan ƙuryar. Microsoft ya ƙiyasta cewa na'urori miliyan 8.5 ne suka tsaya. Jirage suka kasa tashi, bankuna da asibitoci suka rikice. Gyaran kuwa, da farko sai da aka bi kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya da hannu. Manyan kamfanoni suna da ma'aikatan yin haka. Mai shagon buga takardu a Kiyako, wanda laftof ɗaya da firinta ɗaya ke ciyar da gidansa, dole ya rufe shago ya nufi Birnin Kudu, in ta ƙi ya zarce Kano.

Saboda haka nasihar nan ta "a riƙa sabunta komai nan take" ba ta dace da shi ba. Direban da ke aiki lafiya bai cancanci taɓawa ba, sai in ya fara ba da matsala ko an sanar da wata kafar tsaro a cikinsa. Idan dalilin ya zo, a ɗauko sabon daga Windows Update ko shafin HP, Dell ko Canon, da lambar samfurin na'urar. Manhajojin da ke alƙawarin sabunta dukkan direbobi da dannawa ɗaya, waɗanda ake yawo da su a filas daga shago zuwa shago, buɗe wa baƙo uwar ɗaka ne ba tare da an tambayi sunansa ba.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Makon rajistar JAMB, da ɗalibai suka yi layi a ƙofa, ba makon gwaji ba ne. Windows yana da maɓallin Roll Back Driver na komawa tsohon direba, amma BIOS ba ya da irin wannan rangwame a yawancin tsofaffin kwamfutoci: wuta ta ɗauke ana tsakiyar sabunta shi, na'urar na iya ƙin tashi ɗungurungum. Wanda batirinsa ya mutu, ya jira sai ya tayar da janareta.